Man gyaɗa ko baƙin mai: Kwamfuta na hasashen wanda zai daɗe a kududdufi

Da zarar ruwan damina ya sauka a Daura, duk abin da aka zuba a kwata sai ya kama hanyar kududdufi: ruwan wankin kaskon masu ƙuli-ƙuli, ragowar man suyar ƙosai, da baƙin man da makanikai ke juyewa a bakin gareji. A ido duk maiƙo ne a saman ruwa. A wurin bakteriyar da ke cikin ruwan kuwa, wani abinci ne, wani ƙashi ne a maƙogwaro.

Ƙwayar man gyaɗa sarƙoƙi uku ne na kitse, galibi masu kabon 18, da aka ɗaure a jikin gilisirin da wani ƙulli da masana ke kira esta. Bakteriya na da sinadarin da ke kwance wannan ƙulli, daga nan su bi sarƙar suna gutsurar kabon biyu-biyu, kamar mai shan rake gaɓa-gaɓa. Haka abin yake ga dizal ɗin da ake yi da man tsirrai, domin shi ma esta ne. Baƙin mai kuwa ba shi da ƙullin, ga rassa da zobba a ƙirarsa, ga dattin ƙarfe da ya kwaso daga inji.

Yadda aka saba tantancewa shi ne gwajin da ƙungiyar OECD ta tsara mai lamba 301. Ana zuba sinadarin a ruwa tare da bakteriya, a jira kwana 28. Idan kashi 60 cikin ɗari ya ruɓe bisa ma'aunin iska, a cikin kwana goma da fara ruɓewar gadan-gadan, sai a ce mai saurin ruɓewa ne. Gwajin na cin kuɗi da lokaci, sinadaran kasuwa kuma dubbai ne.

A nan kwamfuta ta shigo. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana da manhajar EPI Suite da ake saukewa kyauta, a cikinta akwai BIOWIN. Ka ba ta ƙirar sinadari, sai ta yanka shi gunduwa-gunduwa, ta ba kowace gunduwa maki bisa sakamakon gwaje-gwajen baya. Ƙullin esta na ƙara maki. Kulorin, ko kabon da rassa suka kewaye ta ko'ina, na rage shi. Nauyin ƙwayar ma ana saka shi a lissafi. Cikin daƙiƙu amsa ta fito. Dokar sinadarai ta Tarayyar Turai, REACH, wadda ta fara aiki a 2007, ta yarda a gabatar da irin wannan hasashe a wasu lokuta maimakon gwaji.

Batun rassa ba sabo ba ne. A shekarun 1950 zuwa 1960 garin sabulun wanki mai rassa ya riƙa cika kogunan Turai da Amurka da kumfa, har aka koma mai miƙaƙƙiyar sarƙa.

Sai dai a ganina bai kamata a ɗauki amsar kwamfuta kamar yankan wuƙa ba. Wani ɓangare na BIOWIN an gina shi ne da bayanan gwajin ƙasar Japan, gwajin 301 kuma ana yin sa a yanayi mai zafin digiri 20 da 'yan kai. Ruwan kududdufi a bazarar Daura ya fi haka ɗumi, ga laka, ga ƙarancin iska a ƙasansa. Esta mai doguwar sarƙa ba ya narkewa a ruwa sosai, don haka yana iya daɗewa fiye da hasashe.

Saurin ruɓewa ma yana da nasa sharri. Bakteriya na shanye iskar oksijin ɗin ruwa yayin da suke cin man, saboda haka jarka ɗaya ta lalataccen man gyaɗa a ƙaramin tafki na iya sa kifi ya taso sama yana haki. Masu su a madatsun Sabke da Daberam, da masu shayar da dabbobi a bakin ruwa, wannan ya shafe su kai tsaye.

Daura tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga kuma jami'ar sufuri, fannin da ba ya rabuwa da man inji. Ɗalibi mai kwamfuta zai iya fitar da hasashen a rana ɗaya, ya ɗebo ruwan kududdufin unguwarsu a kwalba, ya auna na kwana 28, ya ga ko lissafin Amurka ya zo daidai da ruwan Daura.