Daga Mongoliya zuwa Gwiwa: Yadda dattawa za su ziyarci rugage cikin ƙaramin ayari

Duk shekara, daga watan Yuni zuwa Satumba, jiragen sama kan sauke baƙi a Ulanbatar, babban birnin ƙasar Mongoliya, kuma da yawa daga cikinsu dattawa ne da suka ajiye aiki a Turai da Amurka da Japan. Ba sa daɗewa a birnin. Sukan kasu rukuni-rukuni, mutum takwas ko goma, su shiga motoci masu jure daji tare da ɗan jagora da tafinta, su nausa cikin filayen ciyawa ko Hamadar Gobi. Abin da ya kawo su shi ne su kwana kusa da makiyaya, su ga tatsa da asuba, su sha shayin madara mai gishiri a cikin tantin nan mai kama da bukka da ake kira ger, wanda ake yi da sanduna da dunƙulallen gashin tumaki, a kafa shi ƙofa na duban kudu.

Mongoliya tana tsakanin Rasha da Chaina. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya da rabi, wato ta fi Najeriya girma nesa ba kusa ba, amma mutanenta kimanin miliyan uku da rabi ne kacal. Dabbobinsu kuwa, dawaki da raƙuma da shanu da tumaki da awaki, sun haura miliyan 50. Daga 11 zuwa 13 ga Yuli suke bikin Nadam, inda ake kokawa da sukuwa da harbin baka, kuma Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake adanawa tun 2010. Sun mayar da rayuwar makiyayansu abin alfahari, har ta zama hanyar samun kuɗin shiga.

Mai karatu zai iya cewa mene ne haɗinmu da wannan. Haɗin shi ne, abin da waɗancan dattawa ke ƙetare duniya su gani, irinsa na nan bayan garuruwanmu, kuma galibin mutanen birni ba su taɓa taka ƙafa can ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ma'aikacin sakatariya ya sha fura da nono iya rayuwarsa, amma bai san inda ƙwaryar ta kwana ba. Dattijonmu in ya yi shekara 35 yana aiki ko ya cika 60 ya ajiye, tafiyarsa ba ta wuce huɗu: Hajji ko Umara, ɗaurin aure, ta'aziyya, sai asibiti. Sauran kwanakin yana dakalin ƙofar gida da rediyo a kunne, kuma abin da rediyon ke faɗa masa game da Fulanin daji a 'yan shekarun nan kusan duk labarin bindiga ne. Wanda bai san ruga ba sai ta wannan hanya, da wuya ya yi wa mutanenta adalci.

Me ya sa ƙasar Kazaure?

Ga mai tasowa daga Kano, Masarautar Kazaure ce mafi sauƙin farawa. Hanyar Daura ake bi, a wuce Dambatta, kimanin kilomita 80 sai ga Kazaure. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Babura, wadda ke gabas da su kan iyakar Jamhuriyar Nijar, tana ƙarƙashin Masarautar Ringim ne, amma kiwo bai san wannan iyaka ba.

Tarihin masarautar ma da Fulani ya fara. Ibrahim Ɗantunku, ɗaya daga cikin jagororin Fulani na zamanin jihadi a arewacin Kano, shi ya kafa ta a wajajen 1819, bayan saɓaninsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Zuriyarsa ce ke sarauta har yau, kuma Sarki na yanzu, Alhaji Najib Hussaini Adamu, yana kan karaga tun 1998. Labarin baka na cewa wani maharbi ne ya ga wurin kewaye da duwatsu ya ce "kamar zaure", daga nan sunan ya samo asali. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, duk wanda ya shigo garin zai ga dalilinsa, domin bayan shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Dambatta kwatsam sai tuddai su taso. Ga kuma Madatsar Ruwa ta Muhammadu Ayuba a gefen gari, inda da maraice ake ganin masunta da masu lambu.

Daga Kazaure in aka yi yamma sai Roni da duwatsunta, sannan Gwiwa, wadda ta jingina da Jihar Katsina. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, ga kuka da tsamiya da aduwa da gawo a warwatse cikin gonaki, ga sabara da kalgo a saura. Tsakanin ƙauyukan nan ne rugage suke, wasu na zaunannun Fulani da suka daɗe suna noma da kiwo, wasu na masu wucewa da ke sauka kwana kaɗan su tashi.

Lokacin da ya dace

Baƙin Mongoliya kan je da ɗumi ne, saboda sanyin ƙasar kan kai maki 30 ƙasa da sifili. Mu namu lissafin daban yake. Da damina shanu na mashekari, nesa da shuka, hanyoyin ƙauye kuma sun jiƙe. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin ya fi ƙarfin mai shekaru, yawancin garkunan ma sun yi kudu neman ruwa da ciyawa. Abin da ya rage shi ne bayan kaka, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu.

A nan sai an yi hattara da kalmar "bayan". Makonnin girbi su ne lokacin da aka fi samun tsamin dangantaka tsakanin manomi da makiyayi, domin wake na ƙasa, shanu kuma sun matso. Baƙo ba ya da abin yi a wurin a irin wannan lokaci. Amma da zarar an kwashe amfani an saki gonaki, sai a ga wata tsohuwar yarjejeniya da ta girmi kowace dokar gwamnati. Manomi kan gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara da harawa, su kwana a wurin su bar masa taki, wani lokaci har ya ƙara wa makiyayin da damin hatsi. Gonar da garke ya kwana a cikinta ana gane ta da damina tun daga nesa. Shi ma gawo da aikinsa: bishiya ce da ke zubar da ganye da damina, ta bar shuka ta sha rana, sai da rani ta yi kore ta zubo 'ya'yan da dabbobi ke rububi. Tsohon ma'aikacin gona da ya karanta wannan a littafi zai ji daɗin ganinsa da ido, ɗan kasuwar hatsi kuma zai fahimci wani ɓangare na dalilin tashi da faɗuwar kayansa.

Aibin wannan lokaci ɗaya ne, wato hunturu. Mai asma ko ciwon ƙirji ya tanadi takunkumi da rigar sanyi, in hazo ya yi yawa a ɗage tafiyar.

Hikimar ƙaramin ayari

Kamfanonin da ke kai dattawa Mongoliya ba rowa ce ta sa suke taƙaita adadi ba. Tanti ɗaya ba ya ɗaukar taro, kuma iyalin da ke da tatsa da kiwo a gabansu ba za su bar aiki su yi hidimar mutum talatin ba. Haka ruga take. Bukkoki ne biyar ko shida, tabarma biyu, inuwa ɗaya. In babbar mota ta tsaya ta zubo jama'a, yara za su ɓuya, mata su shige ɗaki, maigida kuma ya ɗauka jami'an gwamnati ne suka zo ƙirga dukiya. Mutum shida zuwa takwas su ne daidai: mota ɗaya ta ishe su, kuɗin haya da na mai ya rabu ba tare da ya yi wa ɗan fansho nauyi ba, kuma kowa zai samu bakin magana.

Ga kuma jiki. Ayarin dattawa da tafiyar mafi rauni a cikinsu yake tafiya. Zango ɗaya da safe, hutu daga azahar zuwa la'asar, wani ɗan zagaye da yamma, shi ke nan. Kwana biyu ko uku sun wadatar. A ganina kuma, kwana a cikin garin Kazaure ya fi, inda akwai masauki da babban asibiti, a riƙa fita da sassafe ana dawowa kafin magariba. Baƙin Mongoliya ma akasarinsu a sansanin da aka tanada domin matafiya suke kwana, ziyara kawai suke kai wa makiyayan. Kowa ya riƙe maganinsa na hawan jini ko na sukari a aljihu, kada a bar shi a jaka can masauki, a kuma ɗauki ruwan sha isasshe. In da hali, a tafi da matashi ɗaya mai jin Fulatanci. Yana da kyau a samu mata a cikin ayarin, domin rabin rayuwar ruga a hannun mata take, kuma namiji baƙo ba zai kai gare ta ba.

Babu wanda ke faɗa wa ruga kai tsaye. Ana farawa ne daga hakimi, shi ya haɗa ku da dagaci, dagaci ya aika wa arɗo, arɗo ya zaɓi gidan da zai karɓe ku ya sa rana. Wannan ladabi ne, kuma shi ne matakin tsaro mafi inganci. Jigawa ta fi maƙwabtanta na yamma kwanciyar hankali, amma Gwiwa da Roni kan iyaka suke, kuma halin daji kan sauya cikin mako guda. Masu sarautar gargajiya sun fi kowa sanin inda ake zuwa da inda ba a zuwa. In suka ce a dakata, a dakata. Kada kuma a yi ta shelar tafiyar a WhatsApp ko Facebook kafin a dawo.

A cikin ruga

Wanda ya isa bayan rana ta ɗaga ya makara, domin shanu sun fita. Da hantsin farko ake son zuwa, lokacin da maruƙa ke ɗaure a dangwali, ana sakin su ɗaya bayan ɗaya su fara tsotso kafin a tatsi uwar. A nan ne baƙo zai ga cewa kowace saniya da sunanta, kuma tana amsawa. A nan zai koyi bambanta Bunaji farare masu baƙin kunne da Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, da Bokoloji masu gajeren ƙaho da yalwar lakum, ya kuma ga tumakin Uda da rabin jikinsu fari rabi baƙi ko ja, kamar da gangan aka raba. Madara in an tatso ta zama ta mata: su ke kwantar da kindirmo, su kaɗa su fitar da mai, su kai talla, kuɗin kuma nasu ne. Jeren ƙoren da ke cikin bukka, wasu da zane tun na kaka, shi ne adon uwargida da ajiyarta.

A Mongoliya ana gargaɗin baƙo kada ya taka dokin ƙofar tanti, kuma ya karɓi abin sha da hannun dama. Ruga ma da nata. Ba a tambayar mutum yawan shanunsa, kamar yadda ba za ka so a tambaye ka abin da ke asusunka na banki ba. Ba a tilasta wa uwa ko uba faɗin sunan ɗan fari. In an yi maka tayi sau ɗaya mai gida ya koma gefe bai ci tare da kai ba, fulako ne, kada ka ɗauka ƙyama. Hoto sai da izini, musamman na mata. Tsaraba kuwa ta mutunci ake kaiwa: goro, sukari, ganyen shayi, sabulu, kanwa ko gishirin shanu. Rarraba wa yara kuɗi yana ɓata zumunci. Wanda ke son ya amfanar da gidan ya sayi man shanu da nono a farashin kasuwa ba tare da ja-in-ja ba. Abu ɗaya da likitoci ke nanatawa shi ne a guji ɗanyar madara, domin tana iya ɗauke da cututtukan dabbobi, ciki har da tarin fuka. A roƙa a tafasa, babu wanda zai ji haushi.

In hira ta yi nisa, dattawan ruga za su kawo maganar burtali da kansu. Tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyayu, amma gonaki da gine-gine sun cinye da yawa daga cikinsu, hanyoyin da shanu ke bi zuwa mashaya kuma sun tsuke. Za su kawo maganar 'ya'yansu da ke barin sanda su tafi birni acaɓa, da makarantun 'ya'yan makiyaya da aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 1989, wasu na aiki wasu sai allo da bango. Takwarorinsu na Mongoliya ma na da irin wannan kuka: mugun sanyin 2023 zuwa 2024 ya kashe musu dabbobi sama da miliyan 7, kuma kusan rabin al'ummar ƙasar yanzu a Ulanbatar suke, da yawansu tsofaffin makiyaya ne da suka kafa tantunansu a bayan gari. Tsohon babban sakatare ko tsohon alƙali da ya zauna kan tabarma ya saurari wannan daga bakin mai abin, har yanzu yana da waɗanda ke ɗaukar wayarsa a ma'aikatu.

Masu sauran ƙarfi za su iya ƙara kwana ɗaya. Daura na gaba kaɗan da Kazaure, ga rijiyar Kusugu ga fadar Sarki. In kuwa ana son ganin inda dukiyar ruga ke ƙarewa, sai a yi gabas ta Babura zuwa Maigatari, kasuwar dabbobin da ke ci ranar Alhamis, inda shanu da raƙuma ke shigowa daga Nijar, tireloli na lodi zuwa kudu. Hanya ce mai ɗan nisa ga mai ciwon baya, don haka a tashi bayan sallar asuba, a kuma nemi rumfa tun kafin rana ta take.