Mashigin Ƙanƙara Da Ya Haɗiye Jiragen Franklin

Yau shirin namu zai leƙa can ƙuryar arewacin Kanada, inda teku ke daskarewa mafi yawan shekara, kuma a tsakiyar hunturu rana kan yi makonni ba ta fito ba. A tsakanin tsibiran yankin akwai mashigin ruwa da ya haɗa Tekun Atlantika da na Pasifik. Turawa sun daɗe suna nemansa, don su isa kasuwannin Asiya ba tare da zagaye Afirka ko Kudancin Amurka ba.

A shekarar 1845 John Franklin ya taso daga Ingila don neman mashigin, da jirage biyu, Erebus da Terror, ɗauke da guzurin shekara uku. A watan Satumban 1846 ƙanƙara ta datse jiragen kusa da tsibirin King William. Franklin ya rasu a 1847. Da shekara ta zagayo, mutum 105 da suka rage suka bar jiragen, suka nausa kudu a ƙafa, suna jan kwale-kwale cike da kaya a kan ƙanƙara. Cikin mutum 129, ko ɗaya bai koma gida ba.

Abin takaicin shi ne, akwai masu ƙasar. Mutanen Inuit sun ga waɗannan baƙi suna faɗuwa don yunwa, suka ba wani mai suna John Rae labari a 1854, amma manyan Landan da dama suka ƙi gaskata su.

Roald Amundsen, ɗan ƙasar Nowe, bai raina su ba. Ya shigo a 1903 da ƙaramin jirgi mai suna Gjøa, su bakwai kacal. Ya yi hunturu biyu tare da Inuit, ya koyi sa tufafin fata da tuƙa keken da karnuka ke ja, sannan ya kammala ratsa mashigin a 1906. Shi ne na farko da ya yi haka a jirgi.

Labaran baka na Inuit ɗin ne kuma suka taimaka aka gano Erebus a ƙarƙashin ruwa a 2014, Terror kuma a 2016.

Yanzu ɗumamar yanayi na narkar da ƙanƙarar, jiragen dakon kaya sun fara ratsawa da rani. Kanada na cewa ruwan nata ne, Amurka kuwa ta dage cewa hanya ce ta ƙasa da ƙasa, kuma har yau ba a daidaita ba.