Illo da Lafagu: Tarihin da ke kwance ƙarƙashin gonakin Bagudo

Manomin da ke huɗa a Lafagu, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, yana taka ƙasar da masana ilimin duwatsu suka daɗe da sanin darajarta. A littattafansu akwai wani shimfiɗaɗɗen dutsen yashi da laka da suka raɗa wa sunan Illo, garin da ke wannan ƙaramar hukuma dab da iyakar Benin.

Shimfiɗar Illo ta haura shekara miliyan 70 da samuwa. Tsofaffin koguna ne suka tara yashinta da tsakuwarta, kuma a cikinta ake tsintar guntayen itatuwan da suka rikiɗe suka zama dutse. Hakan na faruwa ne idan ƙasa ta binne itace, ruwa mai ɗauke da ma'adinai ya riƙa ratsa shi har ma'adinan su maye gurbin naman itacen.

Wannan yanki gefe ne na wani babban kwari da ya haɗa Sakkwato, Kebbi, Nijar da Mali. Daga baya teku ya malalo cikin kwarin ta Sahara. Shaidar tana nan: farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato ragowar halittun wannan teku ce. An kuma haƙo ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa da aka sa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo.

A wasu ƙasashe, irin wannan gado abin tinƙaho ne. A jihar Arizona ta Amurka, gwamnati ta killace dajin itatuwan da suka zama dutse, kuma laifi ne ɗaukar ko guntu ɗaya. A 2015 UNESCO ta kafa tsarin wuraren tarihin duwatsu na duniya. M'Goun na Maroko yana ciki, Ngorongoro-Lengai na Tanzaniya ya shiga a 2018. Najeriya ba ta da ko ɗaya.

Haɗarin shi ne, wanda bai san abu ba ba ya kare shi. Mai haƙar tsakuwa ko rijiya zai iya farfasa itacen da ya yi miliyoyin shekaru a kwance, ya zuba a harsashin gini. Idan aka raba irin wannan dutse da inda yake, an shafe rabin labarinsa, domin shimfiɗar da ke kewaye da shi ce ke nuna shekarunsa.

Don haka duk wanda ya ci karo da dutse mai zanen itace ko siffar ƙashi, ya ɗauki hotonsa da waya a inda yake, ya sanar da mai gari, a kai labari sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.