Na'urar Ɗumama Gida a Ƙasashen Sanyi: Yadda Ake Gano Matsalarta

A ƙasashe irin su Ingila, inda sanyi kan kai ga daskarar da ruwa, yawancin gidaje suna da na'ura guda mai ɗumama ɗakuna da ruwan wanka. Ɗalibin da ya tafi karatu can zai tarar da ita a masaukinsa, kuma jahiltar ta na iya jawo asarar rai.

Tsarinta ya yi kama da kewayawar jini a jikin ɗan Adam. Akwai tukunya mai aiki da iskar gas wadda ke zafafa ruwa. Wani ƙaramin inji, tamkar zuciya, shi ke tura ruwan cikin bututai zuwa lagireton da ke kafe a bangon kowane ɗaki. A nan ruwan ke sakin zafinsa, sannan ya koma tukunya. Saboda haka mai neman matsala sai ya yi irin aikin likita, wato ya fara duba alamomi.

Idan saman lagireto ya yi sanyi alhali ƙasansa da zafi, to iska ce ta taru a ciki ta hana ruwa hawa. Sai a kashe na'urar, a kwance ƙaramin maƙunshin da ke gefen sama da makullinsa, har iskar ta fice ruwa ya fara ɗigowa. Idan kuwa ƙasan ne ya yi sanyi, to baƙin laka ne na tsatsa ya kwanta, sai an wanke bututan. Idan duk gidan ya ƙi ɗumi, a duba agogon matsin ruwa. Ya kamata allurarsa ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 lokacin da na'urar take a huce. Faɗuwarta a kai a kai alama ce ta yoyo. Haka nan idan tukunya tana kuka kamar butar shayi, ɓawon alli ne ya manne mata, abin da ya yawaita a Landan da kewayenta saboda ruwansu mai alli ne.

Sai dai haɗari biyu mafi girma ba sa yin ƙara. Na farko shi ne bakteriyar Legionella, mai haddasa mummunan ciwon huhu. An gano ta a 1977, bayan cutar ta hallaka mahalarta wani taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Tana hayayyafa a ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 20 da 45, kuma tana shiga huhu ta feshin ruwa, kamar na shawa. Shi ya sa ake ajiye ruwan tanki a digiri 60. Mai rage zafin don tsimin kuɗi yana kiwon cuta ne a gidansa.

Na biyu shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Tana samuwa idan gas bai ƙone sosai ba, kuma takan sa harshen wuta ya koma rawaya maimakon shuɗi. Tana kama sinadarin himogulobin na jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau ɗari biyu da ɗoriya. Alamominta su ne ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Wanda ya ji haka ya kashe na'urar, ya buɗe tagogi, ya fita waje ya nemi likita. A Birtaniya doka ta tanadi cewa ma'aikaci mai rajista ne zai yi gyaran gas.

Mai karatu ya lura, wannan iska ita ce dai ke tashi daga kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu a ƙasar Hausa. Malamai su ja kunnen ɗalibai, musamman na makarantun kwana, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.