Kalmomin ƙidayar jami'a: a duba kalma kafin a duba lamba

Kowace shekara jami'o'in ƙasarmu da ma'aikatar da ke kula da ilimi mai zurfi sukan fito da takardun ƙidaya cike da layuka da lambobi. Da waɗannan takardu ne ake tsara kasafin kuɗi, da su ake sanin ɗakunan karatu nawa za a gina, da su kuma ake raba kuɗin taimakon ɗalibai, watau bursi. Amma da yake da Faransanci ake rubuta su, sau da yawa mai karatu yakan ɗauki lamba ya bar kalmar da ke bisanta, alhali kuwa kalmar ce ke faɗin abin da aka ƙirga.

A da abin yana da sauƙi, domin jami'a ɗaya ce. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Daga baya aka buɗe na Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, sa'an nan na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014. To, in kowace ta ƙirga yadda ta ga dama, jimlar da za a kai wa gwamnati ba za ta zama gaskiya ba.

Mu fara da ɗalibai. Kalmar «effectif» tana nufin adadin waɗanda suka rubuta sunansu suka biya kuɗin shiga a shekarar karatu guda. Ba ta ce dukansu suna zuwa aji ba, ba ta kuma ce za su gama ba. A cikinsu akwai sabon shiga, wanda ya ci jarrabawar bakaloriya ya zo karo na farko. Akwai mai maimaita aji. Akwai kuma wanda zai bar karatu kafin shekara ta ƙare. A misali, a ce ajin farko yana da suna 400, amma 150 daga ciki masu maimaitawa ne. Wanda ya ba da labari cewa an karɓi sabbin ɗalibai 400 ya ƙara 150 da ba su. Haka nan ɗalibin da ya rubuta suna a sashe biyu: suna biyu ne a takarda, amma mutum ɗaya ne a ɗakin kwana da wurin cin abinci.

Sai malamai, inda aka fi ruɗewa. Akwai malamin dindindin, wanda jami'a ta ɗauka, yana koyarwa yana bincike, yana karɓar albashi kowane wata. Akwai kuma «vacataire», watau malamin da ake biya bisa awoyin da ya koyar, wanda sau da yawa aikinsa na ainihi yana wani wuri, kamar asibiti ko kotu. Malaman dindindin suna da matakai huɗu, daga mataimaki har zuwa cikakken farfesa, kuma hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, ita ke auna ayyukansu kafin su hau daga wani mataki zuwa wani. Ma'aikatan biro da na ɗakin littattafai da direbobi da masu gadi suna da nasu layin dabam, ba a haɗa su da malamai.

Ga amfanin wannan bambanci. A ce wani sashe yana da ɗalibai 600, da malaman dindindin 10, da na awa 20. In an haɗa duka, sai a ce malami ɗaya yana da ɗalibi 20, a ɗauka komi lafiya. In kuwa na dindindin kaɗai aka ƙirga, ɗalibi 60 ne ga malami ɗaya. Duka lissafin biyu daidai ne, amma na farko yana iya sa a hana sashen nan sabbin malamai shekara da shekaru.

A lura kuma da lokaci. Shekarar kuɗi tana farawa a Janairu ta ƙare a Disamba, ita kuwa shekarar karatu tana ratsa shekaru biyu. Kuma tun da ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka amince da sabon tsarin karatu a 2007, lisansi shekara 3 ne, masta 2, daktora 3. Saboda haka ba a gwada adadin masu tsohuwar takardar metiriz, ta shekara 4, da na masu masta kai tsaye.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Duk ma'aikacin da aka miƙa wa irin wannan takarda, da duk uban da ya ji lamba a rediyo, ya kamata ya tambaya: wa aka ƙirga, a wace shekara, kuma an haɗa shi da wa? Mu ma masu fassara akwai namu nauyi: mu tsai da kalma ɗaya ta Hausa ga kowace ma'ana, domin abin da aka fahimta a Yamai ya zama shi ne aka fahimta a Tawa da Damagaram.