Hukuncin tiyatar cire mahaifa, mafitsara da dubura saboda ciwon daji, da yadda mai jaka zai yi salla

Tambaya: Ni mazaunin Sakkwato ne. Sankarar bakin mahaifa ta dawo wa mahaifiyata, likitoci kuma sun ce sai babbar tiyata, daga nan ta riƙa ɗaukar jaka a ciki. Ta ƙi yarda don tsoron sallarta. Mene ne hukunci?

Amsa: Alhamdu lillahi. Allah Ya ba ta lafiya.

Wannan aiki likita Alexander Brunschwig ne ya fara bayaninsa a Amurka a 1948. Ana cire mahaifa da farji tare da mafitsara ko dubura, ko duka, sannan a buɗe kafa a jikin ciki inda fitsari ko bayan gida zai riƙa zuba cikin jaka. Namiji ma akan yi masa irinsa. Galibi ana komawa gare shi ne idan cutar ta dawo bayan an ƙona ta da haske, kuma ba ta bazu zuwa wasu sassan jiki ba. Aiki ne mai nauyi, don haka a zauna da ƙwararrun sashen ciwon daji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su fayyace amfaninsa da haɗarinsa.

Idan amintattun likitoci suka rinjayar da cewa zai ceci rai, ya halatta, domin kiyaye rai yana gaba da kiyaye gaɓa. Yardarta sharaɗi ce. A lallashe ta, kada a tilasta mata.

Game da salla, jaka ba ta hana ta. Abin da ke fita ba da ikon mutum ba hukuncinsa hukuncin mai yoyon fitsari ne. A wurin Malikiyya, idan ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. Mafi yawan sauran malamai sun ce ta yi alwala ga kowace farilla bayan shigar lokaci, suna kafa hujja da hadisin Fatima bint Abi Hubaish kan jinin istihala. Najasar da ke cikin jakar an yi rangwame a kanta, kuma Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi salla jini na zuba daga rauninsa. Ta juye jakar kafin salla in hali ya yi. In sujada za ta cutar da ɗinkin, ta yi a zaune da nuni.

Wallahu a'alam.