Saukar Ungulu Cikin Iska: Inda Ɗan Koyo Ke Gamuwa Da Gamonsa

Iska na wahalar da mai kayan kara, in ji masu iya magana. Mu da ke cin kasuwa a bakin iyaka mun san yadda guguwar farkon damina ke yaye rumfa kafin a ankara. To, iskar nan ita ce abokiyar gabar mai koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu, musamman wajen sauka.

Ƙarfin iska kaɗai bai kai sauyawarta haɗari ba. Manyan fukafukan da ke juyawa a saman jirgin su ke ɗauke da shi, kuma iskar da ke bugowa ta gaba tana ƙara musu ƙarfi. Idan ta ɗauke kwatsam, sai jirgin ya zubo ƙasa. Idan ta bugo ta gefe ko ta baya, ƙaramar farfelar wutsiya na iya kasa riƙe shi, ya shiga juyi. Mafi muni shi ne ƙafa ɗaya ta kama ƙasa alhali iska na tura shi gefe. Cikin ƙiftawar ido sai ya kife, fukafukan su sari ƙasa.

A Amurka, bayan haɗurra da dama na Robinson R22, ƙaramin jirgi mai kujera 2 da makarantun tuƙi ke yawan amfani da shi, hukumar jiragen saman ƙasar ta kafa doka a 1995. Wanda bai cika awa 200 yana tuƙa irin waɗannan jirage ba, 50 daga ciki a R22, aka hana shi tashi idan gudun iska ya wuce kusan kilomita 46 a awa, ko tazarar lafawarta da bugowarta ta haura kilomita 28. Malamai kuma na koya wa ɗalibi ya fuskanci iska wajen sauka, in ya ji ta rikice ya fasa, ya sake zagayowa.

Mu ma da namu aikin. Idan jirgin soja ko na agaji zai sauka kusa da kasuwa, mu ɗaure tampol, mu danne leda da tabarmi, mu janye yara da dabbobi nesa. Ƙurar da jirgin ke tayarwa kan rufe wa matuƙi gani, kuma buhu ɗaya da ya tashi sama na iya shiga farfela. Kada kowa ya matsa ta wajen wutsiya, ko da jirgin ya zauna.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, amin.